Tsofaffin sojoji da taƙaddamar diyyar ciwon firgicin yaƙi

Tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a shekarar 2009, sojojin Nijeriya masu ɗimbin yawa sun ajiye kaki sun koma garuruwansu. Wasu sun koma suna dogara sanda, wasu da ƙafar roba, wasu kuwa gaɓoɓinsu cif-cif, amma barci ya ƙaurace wa idanunsu, ƙaramar ƙara na razana su, zaman iyali kuma ya gagare su. Ko wannan rukuni na ƙarshe ya cancanci diyya irin ta naƙasassu? Wannan tambaya ta jima tana raba kan tsofaffin sojoji a Amurka da Birtaniya, kuma dukkan alamu na nuna cewa Nijeriya ma na tunkararta.

Batun ya shafi arewacin jihar Kaduna kai tsaye. A Zariya ne ake da Daffo, wato sansanin horar da kuratan sojan ƙasa wanda aka kafa tun 1924, kuma ta ƙofarsa akasarin ƙananan sojojin ƙasar suka shiga aiki. Daga Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, zuwa can tafiya ce da ba ta kai sa'a guda ba, kuma mai tahowa daga Hunkuyin ta Basawa yake biyowa, inda nan ma akwai barikin soja. Saboda haka mutanen Kudan da Maƙarfi da Ikara, duk da cewa an fi saninsu da noman rake da tumatir, ba baƙi ba ne ga aikin soja, haka nan ba baƙi ba ne ga halin da soja ke dawowa gida a cikinsa.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci na kiran wannan ciwo PTSD a taƙaice, ma'ana larurar da ke biyo bayan wani mummunan tashin hankali da mutum ya gani da idonsa ko ya auka masa. Alamominta sanannu ne. Abin da ya faru yakan riƙa dawo wa mutum a mafarki ko a farke, tamkar a lokacin yake aukuwa. Yakan guji duk abin da zai tuna masa da shi, ko wuri ne, ko wari, ko hira. Yakan zauna cikin shirin ko-ta-kwana, ga saurin fushi, ga rashin barci. Kusan kowa na iya jin irin wannan a kwanakin farko bayan wani bala'i, amma likita ba ya kiransa ciwo sai ya zarce wata guda kuma ya hana mutum tafiyar da rayuwarsa. Akwai kuma waɗanda ciwon ba ya bayyana sosai a jikinsu sai bayan watanni ko shekaru, kuma wannan jinkiri na daga cikin abubuwan da ke dagula batun diyya, domin sau da yawa a lokacin mutum ya riga ya bar aiki an rufe fayil ɗinsa.

Ya kamata a lura cewa yawancin waɗanda suka je fagen daga ba sa kamuwa da shi, kuma wanda ya kamu ɗin ba mahaukaci ba ne. Ciwo ne da ke jin magani, musamman ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre wanda zai bi da marar lafiya sannu a hankali har ya iya tunkarar abin da yake gudu, wani lokaci kuma a haɗa da ƙwayoyi. Sai dai in aka bar shi, yakan jawo shaye-shaye, da mutuwar aure, da rasa aiki, har ma da tunanin kashe kai.

Sunan sabo ne, domin sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi kundinta, bayan matsin lamba daga tsofaffin sojojin yaƙin Vietnam. Ciwon kansa kuwa tsoho ne. A yaƙin duniya na ɗaya Birtaniya ta harbe sojoji 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da ragwanta, kuma daga bisani an yarda cewa akwai marasa lafiya a cikinsu. Sai a 2006 aka yi musu afuwa, shekaru kusan casa'in bayan suna kabari.

Daga Burma zuwa Sambisa

Ƙasar Hausa ta ga sahu huɗu na mayaƙan da suka dawo gida. Na farko su ne waɗanda Turawan mulkin mallaka suka kwasa zuwa gabashin Afirka a yaƙin duniya na biyu, daga baya kuma zuwa Burma a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen da ƙananan sojojinta na Nijeriya ke mu'amala da shi. Har yau barikin Chindit da ke Zariya da na Dalet da ke Kaduna na ɗauke da sunayen da suka samo asali daga wancan yaƙi. Wani bincike da kafofin watsa labarai suka wallafa a 2019 ya nuna cewa kuɗin sallamar da Birtaniya ta biya farar fata ya kai ninki uku na abin da ta biya baƙar fatar Afirka mai muƙami iri ɗaya. A wancan zamani, wanda ya dawo yana sambatu ko yana zabura cikin dare, iyakarsa a ce yaƙi ya taɓa shi, dangi su ci gaba da ɗawainiya.

Sahu na biyu su ne mayaƙan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar sojan ƙasar ta kumbura daga mutum wajen dubu goma zuwa kusan dubu 250. Bayan yaƙin an rage yawansu, kuma har cikin 'yan shekarun nan akwai dattawan da ke kokawa cewa an sallame su ba tare da fansho ba. Sahu na uku su ne sojojin ECOMOG da suka shiga Laberiya a 1990, daga baya kuma Saliyo, inda suka yi arba da yaƙin sunƙuru da yara ƙanana masu ɗauke da bindiga. Na huɗu su ne na yanzu, waɗanda suka fafata a Sambisa da gaɓar tafkin Chadi, sa'annan da 'yan bindigar dazuzzukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Ɗaya daga cikin koke-koken da aka fi ji daga wannan sahu shi ne barin soja shekara da shekaru a bakin daga ba tare da an canza shi ba.

Wasu abubuwa da suka faru sun sa hukumomi sun daina kawar da kai. A watan Fabrairun 2020 rundunar soja ta tabbatar da cewa wani kofur a Malam Fatori da ke jihar Borno ya harbe abokan aikinsa huɗu sa'annan ya kashe kansa. A watan Maris na 2023 an sami makamancin haka a Rabah ta jihar Sakkwato. Ba a iya yanke hukunci daga nesa a kan abin da ya tunzura kowannensu, amma kowane lokaci irin haka ta faru muhawarar lafiyar ƙwaƙwalwar sojoji takan sake tasowa.

Maganar da ta fi jan hankali ita ce wadda Hajiya A'isha Buhari ta yi a watan Oktoban 2022, wajen aza harsashin wata cibiyar kula da masu wannan ciwo a Abuja, wadda ƙungiyar matan hafsoshin soja da na 'yan sanda ta jagoranta. A wurin ta bayyana cewa mijinta, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya yi fama da shi shekaru da dama, sakamakon yaƙin basasa da ya yi ba tare da an kula da shi bayansa ba, da kuma tsarewar da aka yi masa bayan kifar da gwamnatinsa a 1985. A al'ummar da ke ɗaukar irin wannan ciwo a matsayin abin kunya, jin haka game da janar kuma shugaban ƙasa mai ci ba ƙaramin abu ba ne. A watan Mayun 2024 kuma Yarima Harry na Birtaniya, wanda ya ƙirƙiro wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni, ya ziyarci asibitin soja na 44 da ke Kaduna bisa gayyatar Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaro na lokacin, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin manyan batutuwan ziyarar.

Abin da doka ta tanada

Amincewa da cewa ciwo ne abu ɗaya ne, biyan diyyarsa kuma wani abu ne dabam. A nan dokokin Nijeriya sun bar wani giɓi mai ban mamaki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince ƙarara cewa ma'aikaci na iya neman diyya saboda damuwar ƙwaƙwalwa da ta same shi sakamakon wani mummunan abu da ya auku a bakin aiki. To amma dokar ta cire sojoji daga cikin waɗanda ta shafa, in ban da farar hula masu aiki da rundunar. Ma'ana, ma'aikacin banki da 'yan fashi suka tsare da bindiga yana da sashen doka da zai kafa hujja da shi, sojan da ya kwashi gawarwakin abokansa bayan tashin nakiya kuwa sai ya nemi wata ƙofar.

Ƙofar ita ce dokar fanshon sojoji ta 1979, tare da ƙa'idojin aiki da rundunonin ke sabuntawa lokaci-lokaci. A ƙarƙashin wannan tsari kwamitin likitocin soja ne ke duba wanda ya naƙasa a bakin aiki, ya ƙiyasta girman naƙasar, sa'annan Hukumar Fanshon Soji da ke Dutsen Alhaji a Abuja ta biya. An rubuta dokar ce shekara guda kafin duniyar likitanci ta raɗa wa wannan ciwo suna, a zamanin da in an ce naƙasa, abin da ke zuwa a zuciya shi ne guntulallen hannu ko makanta. Ƙafar da aka yanke ana ganinta, hoton asibiti na nuna harsashin da ya maƙale a ƙashi, amma babu gwajin jini ko na'urar da ke auna firgici. Likita ya dogara ne ga abin da marar lafiya da iyalinsa suka faɗa masa, da abin da ya lura da shi a tsawon lokaci.

A watan Janairun 2023 an sami ci gaba, yayin da shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sabuwar dokar ta hana nuna wariya ga masu irin wannan larura, ta kuma kare haƙƙinsu na samun magani. Sai dai doka ce ta kiwon lafiya, ba ita ke tsara fanshon soja ba.

Inda kan tsofaffin sojoji ya rabu

Wanda ke son sanin yadda taƙaddamar diyyar firgici za ta kasance a Nijeriya, sai ya waiwayi rigimar da aka yi a kan wani alawus da ake kira SDA, wanda ake biyan soja lokacin ritaya domin hana shi amfani da ƙwarewarsa ta yaƙi wajen cutar da ƙasa. An fara biyansa ne ga waɗanda suka bar aiki daga watan Nuwamban 2017, abin da ya raba tsofaffin sojoji gida biyu a rana ɗaya. Waɗanda suka riga wannan lokaci ritaya, ciki har da mayaƙan basasa da na ECOMOG, suka ce ba su ga dalilin da zai sa kwanan wata ya bambanta jinin da suka zubar da na ƙannensu ba. Bayan jerin zanga-zanga, har da zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar tsaro a 2022, gwamnatin Buhari ta amince da fiye da Naira biliyan 134 domin biyan kowa da kowa. Duk da haka ƙura ba ta lafa ba, domin a watan Disamban 2024, da Janairun 2025, da kuma Agustan 2025, rukunoni dabam-dabam na tsofaffin sojoji sun toshe ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Kazalika muryarsu ba ɗaya ba ce: ban da ƙungiyar Nigerian Legion wadda doka ta kafa, wasu ƙungiyoyi sun ɓullo, kuma akasari su ne ke jagorantar fita titi.

A cikin wannan yanayi na bashi da jiran tsammani ne batun firgici ke shigowa, kuma ana iya hango wuraren da zai haddasa saɓani.

Na farko shi ne tsakanin mai raunin fili da mai raunin ɓoye. Hujjar mutumin da ya bar ƙafarsa a Baga ko Fritawun mai ƙarfi ce: asusun da ake biyansa daga ciki bai wadace shi ba, kuɗin sabunta ƙafar roba ma wahala yake yi, to ta yaya za a ƙaro masa abokan rabo waɗanda ke tafiya da ƙafafunsu? Amsar ɗaya ɓangaren ita ce, ma'aunin naƙasa shi ne abin da ta hana mutum yi. Mai ƙafa ɗaya na iya zama a shago ya yi ciniki, ya kwana lafiya da iyalinsa, alhali wanda ba ya iya shiga kasuwa saboda cunkoso, ko riƙe aikin gadi saboda zabura, ya rasa hanyar abinci baki ɗaya.

Na biyu shi ne tsakanin manya da na baya. Dattawan da suka yi yaƙin basasa an horar da su a kan cewa soja ba ya kuka, kuma da yawansu sun haɗiye abin da suka gani har tsufa. A wurin mai irin wannan tarbiyya, neman kuɗi saboda mafarki na iya zama tamkar zubar da mutuncin kaki. Matasan kuwa na iya cewa haƙurin da iyayensu suka yi ba kyauta ya zo ba, matansu da 'ya'yansu ne suka biya farashinsa a cikin gida. Akwai kuma tambayar da rigimar SDA ta riga ta koyar: idan aka fara biya, daga wace shekara za a soma ƙidaya?

Na uku shi ne batun wanda ya ga yaƙi da wanda bai gani ba. Sojan da ya yi gaba da gaba da abokan gaba yakan ga cewa shi ne ya fi cancanta. Amma binciken likitoci ya tabbatar da cewa direban da ke ratsa hanyar da aka binne nakiyoyi, da ma'aikacin jinyar da ke karɓar waɗanda aka raunata, da wanda aka ɗora wa aikin tattara gawarwaki, duk suna iya kamuwa ko da ba su taɓa harba bindiga ba.

Na huɗu, wanda shi ne mafi ɗaci, ya shafi waɗanda aka kora. A ƙa'ida, sojan da aka kora saboda laifi yakan yi asarar haƙƙoƙinsa. To amma alamomin ciwon su kansu, wato fushi, da shaye-shaye, da ƙin komawa wurin da abin ya faru, su ne ainihin laifuffukan da ake korar soja a kansu. Nijeriya ta ga manyan shari'o'in soji a 2014, lokacin da aka yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa bayan harbin motar kwamandansu a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sa'annan wasu 54 bisa laifin bore. A watan Disamban 2015 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma. Abin da lauyoyinsu suka fi kafa hujja da shi shi ne ƙarancin makamai, amma shari'o'in sun nuna irin matsin da ƙananan sojoji ke ciki. Wanda ya jure ya kammala shekarunsa da takarda mai tsabta zai yi wuya ya yarda a daidaita shi da wanda ya tsere, ko da likita ya ce tserewar alamar ciwo ce.

Darasin Amurka da Birtaniya

Amurka ce ta fi kowa nisa a wannan hanya, kuma abin da ta gani na da amfani ga ɓangarorin biyu. A can ana auna larurar ƙwaƙwalwa a matakai, daga sifili zuwa kashi 10, 30, 50, 70, har 100 cikin ɗari, gwargwadon yadda ta hana mutum aiki da cuɗanya da jama'a. Wanda aka ba kashi 100 na karɓar fiye da dala 3,500 a wata a 2024, ba tare da haraji ba. A 2005 babban mai binciken ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ya ba da rahoton cewa masu karɓar diyyar wannan ciwo sun ƙaru daga kimanin dubu 120 a 1999 zuwa sama da dubu 215 a 2004, kuɗin da ake kashewa kuma ya tashi daga dala biliyan 1.7 zuwa biliyan 4.3. Ma'aikatar ta ƙuduri aniyar sake bincikar fayil dubu 72, amma ta janye a watan Nuwamban wannan shekara bayan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa sun yi mata ca, kuma bayan nazarin wani ɓangare na fayilolin ya nuna cewa matsalar ta fi karkata ga rashin cikar takardu fiye da zamba. A 2010 aka sassauta sharuɗɗan, ta yadda soja ba ya buƙatar kawo takardar shaidar ainihin harin da ya firgita shi, muddin likitan ma'aikatar ya gamsu kuma labarin ya dace da wurin da ya yi aiki.

Duk da haka muhawara ba ta mutu ba. Akwai tsofaffin sojojin Amurka da ke zargin 'yan uwansu da koyon alamomin ciwon domin su sami kuɗi, suna masu cewa hakan na cika layin asibiti ya hana masu ciwon gaske samun likita. Akwai kuma likitocin da ke nuna damuwa cewa tsarin da ke ƙara wa mutum kuɗi in ciwonsa ya tsananta, ya rage masa in ya sami sauƙi, na iya sa shi jin tsoron warkewa. A batun girmamawa ma an bambanta: a farkon 2009 ma'aikatar tsaron ƙasar ta sanar da shawararta cewa ba za a ba masu wannan ciwo lambar Purple Heart ba, wadda ake ba waɗanda abokan gaba suka raunata.

A Birtaniya kuwa tsofaffin sojoji kusan 2,000, waɗanda suka yi yaƙi a tsibiran Falkland da Ireland ta Arewa da yankin Gulf da Bosniya, sun kai ma'aikatar tsaro ƙara bisa zargin sakaci da lafiyar ƙwaƙwalwarsu. A 2003 babbar kotu ta yi watsi da mafi yawan ƙarar. Shekaru biyu bayan haka ƙasar ta soma aiki da sabon tsarin diyya wanda ya sanya larurar ƙwaƙwalwa a cikin jadawalinsa.

Mahangar shari'a da al'ada

Ga mai karatu Musulmi, tunanin cewa hankali abu ne da ake biyan diyyarsa ba baƙo ba ne. Malaman fiƙihu, ciki har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, sun tabbatar da cikakkiyar diyya a kan gusar da hankalin mutum, daidai da ta rai, sun kuma bar wa alƙali ƙiyasta raunin da ba a ƙayyade masa adadi ba. Gaskiya ne cewa wannan hukunci ya shafi wanda ya yi ta'addancin ne, ba gwamnatin da ta tura soja aiki ba, kuma ciwon firgici bai kai gushewar hankali ba. Amma asalin ƙa'idar a fili yake: cutar da ta sami hankali cuta ce da shari'a ke lissafawa. A tarihi ma, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani wanda ya tsara wa mayaƙa da iyalansu rabo daga baitulmali, sa'annan a ƙarni na tara na miladiyya malami Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu a kan tsoro da firgici da baƙin ciki a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki.

Abin da ke wahalar da al'amarin a garuruwanmu shi ne kunya. Kalmar taɓin hankali tabo ce da ke bin gida, har ta shafi auren 'ya'ya. Saboda haka iyali sukan fara da ruƙiyya da rubutun sha, su ce iska ce ko sammu, kuma ba kasafai ake zuwa asibiti ba sai abu ya ƙazanta. Addu'a da magani ba sa karo da juna, amma ta fuskar diyya wannan jinkiri na da tsada, domin mutumin da ya shekara biyar yana jinya a gida ba shi da ko takarda ɗaya da zai nuna wa kwamitin likitoci. A Amurka fargabar ita ce masu ƙarya za su yi yawa. A ƙasar Hausa kuwa abin da ya fi yiwuwa shi ne masu ciwon gaske su ƙi fitowa.

Daga Hunkuyi zuwa Dutsen Alhaji

A ɗauki misalin saje mai ritaya da ya koma Hunkuyi ko Ikara ya kama noma. Idan ciwon ya taso masa, wurin da zai sami ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa mafi kusa shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko kuma asibitin soja na 44. Ta wannan fuska ma ya fi takwaransa na wasu jihohin sa'a, domin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Magani kuma ba na zuwa ɗaya ba ne, zama ne na mako-mako, kowane zuwa da kuɗin mota da asarar yinin gona. Akwai inshorar lafiya ta sojoji wadda ta haɗa da masu ritaya, amma inshora ba ta samar da likita a inda babu shi.

Bayan magani sai hujja. Dole ne ya nuna cewa ciwon daga aiki ya samo asali, alhali a lokacin da yake cikin kaki bai taɓa kai ƙorafi ba, saboda tsoron kada a ce masa rago ko a tsayar masa da ƙarin girma. Hafsa mai ilimi da sanayya a Abuja ya san yadda ake bin fayil. Ƙaramin soja a ƙauye kuwa, wanda ko fanshonsa na wata-wata sai ya sha tantancewa, da wuya ya kai ga ƙofar. Idan ba a yi hattara ba, diyyar da aka ƙirƙiro domin waɗanda suka fi shan wuta za ta ƙare a hannun waɗanda suka fi iya rubuta takarda, wannan kuwa sabon saɓani ne tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji.

Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Muddin asusu ya kasance ƙarami kuma ƙa'ida ba ta fito fili ba, tsofaffin sojoji za su riƙa kallon juna a matsayin kishiyoyi, maimakon su tuhumi tsarin da ya sa su layi ɗaya.

Abubuwan da suka faru a wasu ƙasashe na nuna matakan da ke rage rigimar. A riƙa duba lafiyar ƙwaƙwalwar kowane soja kafin tura shi daga, da bayan dawowarsa, da kuma lokacin sallama, domin a sami tarihi a rubuce. A raba magani da diyya, ta yadda kowa zai sami magani kyauta ba tare da sai ya tabbatar da komai ba, har da wanda aka kora, diyya kuma ta bi ma'auni bayyananne na abin da ciwon ya hana mutum yi. A ware mata kasafi nata domin kada ta ci rabon masu raunin jiki. A kuma bar ƙofa a buɗe ga wanda ciwonsa ya bayyana bayan ritaya, ba tare da gindaya shekarar da za ta fitar da mayaƙan basasa da na ECOMOG ba.

Kowace ranar 15 ga watan Janairu shugabanni kan ajiye furanni su saki tattabaru domin tunawa da 'yan mazan jiya. Abin jira a gani shi ne ko Majalisar Dokoki ta Ƙasa za ta waiwayi dokar fansho ta 1979 domin ta ambaci wannan ciwo da sunansa, da kuma ko ƙungiyoyin tsofaffin sojojin, waɗanda suka nuna a 2022 cewa suna iya tilasta wa gwamnati sauya matsayi, za su yarda su sanya shi cikin jerin buƙatunsu.